Ba Kowace Tsutsa Ce Abokiyar Gaba Ba

'Yan'uwa manoman Wonaka, tun da tsutsar masara ta shigo Nijeriya a 2016, wasunmu sun koma fesa wa duk abin da ke rarrafe magani. Wannan ɓarna ce. Uwar tsutsar masara faɗa-wuta ce, da dare take yawo. Malam-buɗe-littafi kuwa da rana yake fita. Ku dubi mai launin ruwan goro, mai baƙin bakin fiffike da ɗigon fari: tsutsarsa tumfafiya take ci, ba ruwanta da dawa ko masara. Shi da ƙudan zuma ne ke taimakon furanni su yi 'ya'ya. Saboda haka kowace ƙungiya ta tsai da shawara: a bar tumfafiyar iyakar gona, a daina ƙona daji, a duba kafin feshi.