Rabon Muƙamai Ba Zai Mai Da Maigadi Manaja Ba

Akwai waɗansu maganganu biyu da suka zama ruwan dare a bakin mutanenmu mazauna Kurmi, tun daga Agege da Idi-Araba da Obalende a Ikko, har Sabon Badun da Fatakwal. Da zarar an taɓo zancen aiki a majalisa, sai ka ji wani ya ce, "Ai ba a son mu ne, kamfanonin nan ba za su taɓa ba ɗan Arewa kujerar manaja ba." Wani kuma ya karɓe da cewa, "To, ina ma amfanin takardar? Ga masu digiri nan suna gararamba." Maganganun nan suna da daɗin ji, domin suna sauke wa mutum kaya su ɗora wa wani. Amma su ne suka zaunar da samarinmu masu ɗimbin yawa a kan benci a bakin ƙofa, suna buɗe wa tsararrakinsu ƙyaure suna sara musu.

Ba wanda zai musa cewa akwai son kai da ƙabilanci wajen ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan. Akwai su, kuma wajibi ne a yi ta yaƙarsu. Sai dai waɗanda suke jiran tsarin rabon muƙamai ya share musu hawaye, ya kamata su san iyakarsa. Tsarin nan ya shiga kundin mulki a 1979, aka kafa masa hukuma a 1996, kuma ikonsa yana kan ma'aikatun gwamnati ne da kamfanoninta. Ba ruwansa da masana'antar ɗan kasuwa a Ikeja ko kamfanin fito a Apapa. Ko a aikin gwamnatin ma, rabon jiharku ba ya isa hannunka sai kana riƙe da takardar da aka nema. Matatar man Lekki da aka buɗe a 2023 ta Bakano ce, amma injinanta ba sa jin Hausa, sai wanda ya koye su.

Mu waiwayi baya mu gani. A 1972 gwamnatin Janar Gowon ta kafa dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa, aka ƙarfafa ta a 1977. Kujerun da Turawa suka riƙa bari, wa ya hau su? Waɗanda suka riga suka yi tanadi, masu ilmin lissafin kuɗi da tafiyar da ma'aikata. Gwamnati da kanta ta san akwai ƙarancin irin mutanen nan, shi ya sa ta kafa asusun horon ma'aikatan masana'antu, watau ITF, a 1971, sa'an nan a 1973 ta kafa cibiyar horon manajoji a Ikko da kwalejin manyan ma'aikata ta ASCON a Badagiri. Marigayi Sardauna ma, da ya tashi cika ofisoshin Arewa da 'yan Arewa, ya haɗa abin da horo mai tsanani a makarantar koyon mulki ta Zariya, wadda ta shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Masu ambaton sunansa a yau suna neman a ba su kujera kyauta sun ɗauki rabin darasinsa ne sun yar da rabi.

Shin mene ne ma aikin manaja? Shi ne mai tsara kasafin shekara, mai karanta littafin shiga da fita ya gane inda kuɗi ke yoyo, mai rubuta rahoto ga masu hannun jari, mai sanin dokar ƙwadago da ta haraji. Dillalin shanu a Agege ko babban mai tumatir a kasuwar Mile 12 yana juya miliyoyi da ka, kuma ba mai raina basirarsa. Amma ranar da ya je banki neman rance, littafi za a tambaye shi, kuma ranar da ya faɗi ya mutu lissafin nan ya bi shi kabari. Masu cewa takarda banza ce su faɗa mana, wa ke riƙe wa attajiranmu littattafansu? Akawun da ya yi karatu ne, kuma sau da yawa ɗan wani ne ba namu ba.

Hanyar kuwa a fili take, ba asiri a cikinta. Matakin farko shi ne cin darussa biyar da kyakkyawan sakamako, har da Ingilishi da lissafi, kuma hukumomin WAEC da NECO suna shirya jarrabawa ta musamman domin waɗanda suka bar makaranta. Daga nan sai ƙaramar difloma ta shekara biyu, da shekara guda ta sanin makamar aiki, da babbar difloma ta shekara biyu. Kwalejin fasaha ta Yaba, wadda ke nan tun 1947, tana da azuzuwa domin masu aiki. Akwai kuma jami'ar karatu daga gida, wadda aka kafa a 1983 zamanin Shugaba Shagari, soja suka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita zamanin Shugaba Obasanjo. Mai sha'awar lissafin kuɗi yana iya farawa da jarrabawar ƙananan akantoci ta ƙungiyar ICAN, wadda doka ta kafa a 1965, ya yi ta hawa har ya ƙure. Mai aiki a babban kamfani kuma ya sani, dokar ITF ta 2011 ta ɗora wa kamfanoni biyan kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashi domin horo. Wanda bai je ofishin ma'aikata ya nemi a tura shi kwas ba, ya bar wa wani rabonsa.

Amma a yi hattara da takardar saye. A farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin ƙasashen Binin da Togo, bayan an fallasa yadda ake sayar da su cikin 'yan makonni. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma mai takardar jabu mako guda ya ishe shi ya tona wa kansa asiri a kan tebur.

Babban laifin yana wuyan shugabanninmu na zango. Ana kashe dukiya mai yawa wajen bikin naɗin sarauta, a kira makaɗa, a yi ta liƙi har asuba, alhali kuɗin dare ɗaya zai biya wa yara da yawa kuɗin jarrabawa. Sa'ad da gwamnatin Ikko ta hana acaɓa a waɗansu ƙananan hukumomi a 2020, ta kuma tsananta a 2022, samarinmu nawa suka wayi gari ba sana'a, ba takarda, ba abin komawa? Wannan kaɗai ya isa ishara ga mai hankali. Sana'ar da sanarwa ɗaya ke iya rushewa ba abin gina rayuwa ba ce.

Saboda haka muna kira ga sarakunan Hausawa da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na kowane gari, su buɗe ajin dare a harabar masallatai da makarantun Islamiyya, su kafa asusun biyan kuɗin jarrabawa ga maza da mata, su riƙa karanta wa jama'a lissafinsa kowace shekara. Attajirin da ke da yaran shago ya sake su awa biyu da yamma su je aji, domin shi ne farkon wanda zai ci moriyarsu. Kai kuma saurayi mai gadi ko mai tura baro, fom ɗin jarrabawa ba ya tambayar garinku kafin a sayar maka. Ka sayi naka bana. Allah ya sa mu gane, amin.