Ra'ayinmu: Littattafan Ƙaramar Hukuma Na Jama'a Ne, A Buɗe Musu Su

A tsakanin wata tara Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci biyu waɗanda duk mai basira, in ya auna su, zai ga ɗaya ba ya tsayuwa sai da ɗan'uwansa, ko da yake na farkon ne ya sami guɗa, na biyun kuwa ya wuce ba tare da jama'a sun lura da shi sosai ba. A ranar 11 ga Yuli 2024 kotun ta hukunta cewa kason da ƙananan hukumomi 774 suke samu daga asusun tarayya nasu ne, a riƙa biyansu kai tsaye, kuma ba ya halatta gwamna ya rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi a madadinsu. Sa'an nan a watan Afrilu na 2025, cikin wata shari'a da ta taso daga jihar Edo, kotun ta tabbatar da cewa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta hau kan jihohi kamar yadda ta hau kan gwamnatin tarayya, watau ta rushe hujjar da jihohi da yawa suka daɗe suna fakewa da ita, cewa wai dokar ta Abuja ce, ba ta shafe su ba sai majalisarsu ta amince. Ra'ayin jaridar nan shi ne, matuƙar aka miƙa wa ciyaman kuɗi a hannunsa alhali talaka ba shi da ikon duba littafin da aka rubuta yadda aka kashe su, to ba a yi komai ba illa an ɗauke mabuɗin daga gidan gwamnati an kai shi sakatariya.

Dalilin da ya sa muka fi damuwa da ƙaramar hukuma shi ne, babu wani mataki na mulki da ya kai ta kusa da rayuwar mutum ta yau da kullum. Tsarin mulki na 1999 ya ɗora mata kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu, da kwashe shara, da raɗa wa tituna suna da ba gidaje lamba, ya kuma sa ta cikin sha'anin makarantun firamare da ɗakunan shan magani da ayyukan gona. Dokar filaye ta 1978 kuma ta ba ta ikon bayar da shaidar mallakar fili bisa al'ada a wuraren da ba birni ba, har zuwa hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo, ba tare da sai gwamna ya yarda ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan al'amura yana barin takarda a bayansa, ko dai rasit, ko bauca, ko rajista, ko yarjejeniyar kwangila, ko bayanin zaman majalisar kansiloli. Manomin da ya wayi gari ya ga an kafa turaku a gonar gadonsa, da makiyayin da ya tarar an nome burtali, da matar da aka karɓe mata rumfa a kasuwa aka ba wani, dukkansu maganin ƙorafinsu yana cikin wani fayil a sakatariya, in dai an rubuta, in kuma an yarda a nuna.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai kuwa, wadda aka yi shekara goma sha biyu ana kai ta ana komowa da ita a majalisa, har Shugaba Obasanjo ya bar mulki a 2007 bai sa mata hannu ba, kafin Shugaba Jonathan ya rattaba mata hannu a ranar 28 ga Mayu 2011, ba ta bar wata shubuha a cikin wannan mas'ala ba. Ta ce kowa yana da haƙƙin neman bayani daga hukuma, kuma ba a ɗora masa ya faɗi dalilin da ya sa yake nema ba. Ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, in aikin yana da yawa a ƙara wasu bakwai, in kuma za ta ƙi sai ta rubuta dalilinta. Wanda bai iya rubutu ba, ko nakasasshe, yana iya wakilta wani, kuma in mutum ya nema da baki wajibi ne ma'aikaci ya rubuta masa buƙatarsa ya ba shi kwafi. Ba a karɓar kuɗi sai na buga kwafin takardun. Wanda aka hana yana da kwana talatin ya kai ƙara kotu, in ta tabbata an hana shi bisa zalunci akwai tarar naira 500,000, wanda kuma ya lalata takarda ko ya sauya ta da gangan, ɗaurinsa ba ya gaza shekara guda. Bayan wannan duka, dokar ta wajabta wa hukuma ta bayyana wasu abubuwa ko ba a tambaye ta ba, cikinsu har da shigar kuɗin jama'a da fitarsu, da sunayen ma'aikata da muƙamansu da albashinsu.

To amma duk wanda ya taɓa shiga sakatariya da irin wannan buƙata ya san cewa tsakanin abin da doka ta rubuta da abin da ake aikatawa akwai tafiya mai nisa. Tambayar farko da zai sha ita ce, wa ya aiko ka, alhali dokar ta soke wannan tambaya. Daga nan sai a ce oga ba ya nan, ko mai mabuɗi ya tafi ta'aziyya, ko sai an sami izini daga sama, ko a dawo ranar Litinin. In kuwa ya nace, sai a fara raɗe-raɗin cewa 'yan adawa ne suka turo shi, wani lokaci ma a kai ƙararsa wurin mai unguwa ko dagaci a ce a ja masa kunne. Hausawa sun ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, amma adalci ya sa mu faɗa cewa ba kowane akawu da ya hana takarda ne yake ɓoye ɓarna ba. Da yawa tsoro ne yake hana su, domin tun ranar da aka ɗauke su aiki an cusa musu cewa duk abin da ke cikin fayil asirin gwamnati ne, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da su ya gaya musu cewa dokar 2011 ta rinjayi Dokar Asirin Gwamnati ta 1962 a wannan babi, ta kuma kare ma'aikacin da ya bayar da bayani bisa gaskiya daga tuhuma.

Wannan ɗabi'a ta rufe littafi tana da asali. A zamanin En'e an iya rubutu ƙwarai, domin Ma'aji yana da lissafin Baitulmali, malaman haraji da na jangali suna yanka rasit, Di'o da Razdan suna bin sawu, amma dukkan wannan hisabi sama yake hawa, daga dagaci zuwa hakimi, daga hakimi zuwa Sarki, daga Sarki zuwa Bature, babu abin da yake saukowa ga wanda ya biya harajin. Wannan nisa tsakanin masu mulki da waɗanda ake mulka yana cikin abin da ya sa Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Arewa a shekarar 1950 ya nemi a gyara tsarin En'e. Gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi irin na yau, ya maye gurbin En'e da kansiloli, sai dai mun gaji ɓoyewar, mun yar da kyakkyawan adanin. Abin kunya ne a ce ɗalibi yana iya zuwa ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna ya karanta rahoton ƙidayar harajin gundumarsu na shekaru kusan ɗari da suka wuce, ƙauye bayan ƙauye, amma ya rasa inda zai sami kasafin kuɗin ƙaramar hukumarsa na bara.

Kada kuwa wani ya zaci neman hisabi daga shugaba baƙon abu ne da aka aro daga Turawa. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. In kuwa an yi umarni da rubutu a mu'amalar mutum biyu, ina ga dukiyar da dubban marayu da gajiyayyu suke da haƙƙi a cikinta? Ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wa wanda ya aika karɓar zakka hisabi bayan ya komo, ya kuma hana shi riƙe abin da ya ce kyauta aka yi masa. Sayyadina Umar shi ya kafa diwani, kuma an ruwaito yakan rubuta dukiyar gwamna ranar da ya naɗa shi domin ya auna ta da abin da ya mallaka daga baya. A nan ƙasar Hausa ma, nasihar da Shehu Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ta lissafa amintattun ma'aji da marubuta da masu lissafi cikin waɗanda mulki ba ya daidaita sai da su. Shugabanci amana ne, kuma mai riƙon amana ba ya fushi don mai kaya ya ce a nuna masa kayansa. Wannan haƙƙi ne na kowane ɗan ƙasa, Musulmi da Kirista da wanin su.

Abin da ya ƙara fito da gurguntar lamarin shi ne, rabin lissafin a fili yake. Tun 2004, lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala take ministar kuɗi, aka fara buga kason kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma a jaridu, har yau kuma ana sanar da shi kowane wata, kuma an san rabon ƙananan hukumomi kashi 20.60 cikin ɗari ne na kuɗin asusun tarayya da ake rabawa. Mutumin kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 44 na Kano, ko 34 na Katsina, ko 27 na Jigawa, yana iya sanin nawa aka rubuta da sunan garinsu. Abin da ba ya iya sani shi ne nawa suka iso bayan sun ratsa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, nawa aka biya albashi, mutum nawa ne a takardar albashin kuma nawa ne daga cikinsu suke da rai, wa aka ba kwangilar rijiyar burtsatse, a kan nawa, kuma a wace unguwa aka ce an haƙa ta.

Waɗansu ƙasashe sun riga mu gane cewa a matakin ƙasa ne irin wannan doka take amfani ko ta zama ado. A Amurka dokar tarayya ta 1966 ba ta hau kan jihohi ba, amma kowace jiha tana da tata, kuma a ofishin gunduma ake rajistar cinikin filaye da jinginarsu, kowa yana iya zuwa ya duba. A Indiya kuwa dokar 2005 daga ƙauyukan jihar Rajastan ta samo tushe, inda tun wajen 1994 leburori suka riƙa neman kwafin rajistar masu aikin hukuma, ana karanta ta da ƙarfi a bainar jama'a, sai ga sunayen matattu an rubuta sun karɓi lada, ga gine-ginen da aka biya kuɗinsu ba a aza ko tubali ba. Darasin da ke ciki ya dace da mu ƙwarai, domin ya nuna rashin iya karatu ba ya hana mutane bin lissafi, in dai an karanta musu da harshensu a kan abin da suka sani da idonsu.

Mun san akwai masu cewa buɗe fayil zai tona asirin mutane, ko ya zama makami a hannun 'yan siyasa. Amsar na farko ita ce dokar da kanta ta keɓe abin da ya shafi sirrin mutum, da tsaron ƙasa, da binciken laifi da ake cikin yi, saboda haka babu mai neman a nuna masa katin asibitin maƙwabcinsa. Amsar na biyu kuwa, ɗan adawa ma ɗan ƙasa ne, kuma ciyaman da littafinsa yake daidai ba shi da garkuwar da ta fi littafin, domin ƙazafi a cikin duhu yake yaɗuwa. Uzurin da muka fi ɗauka da nauyi shi ne na uku, cewa a wurare da yawa takardun ma babu su, gara ta ci wasu, ruwa ya ɓata wasu, wasu kuma sun bi tsohon ciyaman gida ranar da ya sauka. Wannan ba ya wanke kowa, domin dokar ta wajabta adana takardu kamar yadda ta wajabta bayar da su.

Saboda haka muna kira ga kowane ciyaman ya naɗa ma'aikaci guda sananne mai karɓar buƙatun bayani, a rubuta sunan ofishinsa a ƙofar sakatariya, a buɗe masa rajista mai kwanan wata, a kuma riƙa manna kasafin kuɗi da kason wata da jerin kwangiloli a allon sanarwa, da Hausa da sauran harsunan yankin, da boko da ajami inda ake buƙata. Kowane kansila ya tara mutanen mazaɓarsa bayan wata uku uku ya karanta musu abin da ya shigo da abin da ya fita. Majalisun jihohi su sa miƙa fayiloli cikakku ya zama sharaɗin sallamar duk shugaban da ya sauka, babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi kuma ya taƙaita rahotonsa a karanta shi a rediyo. Ƙungiyoyin ci gaban gari da na 'yan kasuwa da na iyayen yara su koyi rubuta buƙata gajeriya mai ambaton takardar da ake so da shekararta, su riƙe kwafin da aka buga wa hatimi, su ƙirga kwana bakwai, lauyoyinmu kuma su taimaka wa wanda aka hana kafin kwana talatin su cika. Mu ma 'yan jarida tsarin mulki ya ɗora mana bin diddigin masu mulki, kuma shafukan jaridar nan a buɗe suke ga duk ƙaramar hukumar da ta amsa a kan lokaci, mu buga sunanta da yabo, da wadda ta ƙi, mu buga nata tare da kwanan watan da aka kai mata takarda.