Abin da gurasar Masar ta koya min (Zare)

1/ Na raka Hajiyarmu asibiti a Alƙahira, muka yi sati shida a Madinatu Nasr. Da na dawo kowa tambayarsa ɗaya: ka je dala? Na je. Amma wallahi abin da ya tsaya min a rai gurasa ce. Ku biyo ni.

2/ A sauran ƙasashen Larabawa "khubz" ake ce wa gurasa. Bamisre kuwa "aish" yake cewa, ma'ana rayuwa. Idan zai ce ya fita neman halak, sai ya ce ya fita cin aish. Wanda kuka ci gurasa da gishiri tare, amana ta shiga tsakaninku kenan.

3/ Da sassafe za ka ga yaro a kan keke, ya ɗora wani faffaɗan katako a ka shaƙe da gurasa, hannu ɗaya a kan keke, yana ratsa motocin Alƙahira. Ranar farko ni na riƙe numfashi, shi ko a jikinsa.

4/ Wata dattijuwa a benenmu ba ta saukowa. Kwando take zurowa da igiya daga hawa na huɗu, mai shago ya ɗauki kuɗi ya zuba mata gurasa da wake, ta janye abinta. Waken nan da suke kira ful shi ne karin kumallon lebura da ma'aikacin banki.

5/ Wata rana guntun gurasa ya faɗi daga ledata, na wuce abina. Mai gadin gidan ya duƙa ya ɗauka, ya sumbace shi, ya kai goshi, ya ajiye a gindin bango inda ba za a taka ba. Bai ce min uffan ba. Kunya ta kama ni fiye da in ya zage ni.

6/ Gwamnatinsu ma ta san wannan. Mai katin tallafi yana da gurasa biyar a rana, kuma kusan mutum miliyan 70 ke amfana. Sama da shekara 30 farashinta ƙirshi 5 ne, sai a Yunin 2024 aka mayar ƙirshi 20. Ƙirshi 100 ke yin fam ɗaya.

7/ Me ya sa suka daɗe ba su taɓa ba? A Janairun 1977 Anwar Sadat ya rage tallafin abinci, jama'a suka fantsama tituna, cikin kwana biyu gwamnati ta janye. A zanga-zangar 2011 ma kalmar farko a bakin mutane "aish" ce, kafin 'yanci.

8/ Kar wani ya ce ina zuzuta Masar. Suna cikin manyan masu sayen alkama a duniya, yawanci daga Rasha da Yukren, bashi ya yi musu katutu, kuɗinsu ya faɗi. Direban tasi zai yi maka kukan tsada har ka sauka, ya kuma so ya cuce ka a canji.

9/ Amma ra'ayina shi ne: sun yarda akwai wani abu guda da bai kamata talaka ya kwana babu shi ba. Mu fa? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wane abu ɗaya ne talakanmu zai ce ko ana ha-maza-ha-mata wannan yana nan?

10/ Manyanmu suna zuwa Alƙahira ganin likita, su dawo da labarin asibiti. Da ma wani zai tsaya a layin gidan gurasa da asuba ya ga yadda katin yake aiki.

11/ Mu ma ba mu kuɓuta ba. Ku duba shinkafar da ake kwashewa zuwa bola bayan dina, almajiri na tsaye a bakin ƙofa da roba. Mun san hukuncin almubazzaranci, mai gadin nan aiki ya yi da shi.

12/ Bikin gidanku na gaba, tun kafin a fara rabo a ware wanda zai tattara ragowar mai tsafta ya kai inda ake buƙata. A garinku wane abinci ne kuke ganin ya kamata ya zama "aish" ɗinmu? Ni dai gero na zaɓa.