Iri Ba Ya Nuna Takarda a Kan Iyaka

'Yan'uwa ɗalibai, na gaji da masu cewa "ba mu son irin da aka gyara" sannan su koma gindin bedi shan shayi. Ƙin abu ba ilimi ba ne.

A ƙarshen 2019 Najeriya ta saki wake SAMPEA 20-T, mai jure tsutsar da ke cin kwanso. Cibiyar IAR ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ta yi shi tare da masana na Ostareliya: mai kiwon iri, masanin ƙwari da masanin ƙwayar halitta a tebur guda. Feshin magani ya sauka daga sau shida ko takwas zuwa biyu. Daga Sakkwato zuwa Ƙonni tafiyar awa nawa ce? Buhun wake na ƙetarowa a bayan kabu-kabu, ko muna so ko ba mu so. Idan ya shigo kasuwa, sai da awo za a bambance shi da na gida, awon kuwa na buƙatar mutane da kayan aiki.

Ga albasar Galmi tana ruɓewa cikin rudu kowace shekara. Har sunanta wani kamfanin iri na Senegal ya nemi yi wa rajista, sai da Nijar ta tashi tsaye. Wanga aiki na injiniya ne, da masanin tsiro, da lauya, da manomin da ya san rudunsa. Amma mu kowa na ƙunshe a sashensa yana haddar takarda.

Ina son cibiya guda tsakanin Jami'ar Tawa da INRAN, a Galmi, kusa da gonakin. Mi ya hana?