Maganin Wani, Gubar Wani

 

A wannan wata ina so mu duba wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a gidajenmu. Likita zai rubuta wa mace maganin ciwo bayan tiyatar haihuwa, ta sha ta ji sauƙi, sai ta adana ragowar. Ran da suruka ta yi kukan ciwon gwiwa, ko yaro ya kwana da ciwon haƙori, sai ta ɗauko ta ce, "Ai ni shi na sha." Niyyar alheri ce, amma akwai haɗari.

Magunguna irin su taramadol, kodin da mofin dangi ɗaya ne. Suna kashe zafin ciwo mai tsanani, sai dai kuma suna kawo barci, jiri, tashin zuciya da taurin bayan gida, mafi muni kuma su rage numfashi. Kuma ba kowane jiki ne yake karɓarsu iri ɗaya ba.

Mu ɗauki kodin. Hanta ce ke juya shi ya koma mofin. Wani Allah Ya halicce shi hantarsa na yin wannan aiki da sauri ƙwarai, sai ƙwaya ɗaya ta yi masa yawa; wani kuwa ya sha bai ji komai ba. Ba a gane wannan a fuska. Shi ya sa a shekarar 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 kodin da taramadol, ta kuma gargaɗi masu shayarwa, domin maganin yana bin nono. A 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin.

Mai ciki idan ta daɗe tana sha, jariri kan zo duniya jikinsa ya riga ya saba, ya yi ta kuka da karkarwa. Tsofaffinmu kuwa ƙodarsu ta rage ƙarfi, maganin kan daɗe a jiki, ya kawo ruɗewa ko jirin da zai kayar da su su karye. Mai asma numfashinsa ake ji wa tsoro. Mai farfaɗiya, taramadol na iya tayar masa da ita. Haɗa su da maganin barci kuwa ganganci ne.

Amma fa kada tsoro ya sa mu zalunci mai buƙata. Mai sikila ko ciwon daji da likita ya rubuta wa, ba ɗan ƙwaya ba ne, mara lafiya ne. A ba shi yadda aka ƙayyade.

Ke dai, uwargida, ki faɗa wa likita gaskiya: kina da ciki, kina shayarwa, ko kina shan wani magani. Ki kulle maganin nesa da yara. Idan kin ga barci mai nauyi, numfashi sama-sama, ko jariri ya saki jiki ya kasa kama nono, ki garzaya asibiti nan take.

Lafiyar iyali amana ce a hannunmu, kuma za a tambaye mu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.