Bango, ƙwallo da sandar kamun kifi: Yadda za ki riƙe yaro kusa da gida ba da bulala ba

 

Yau maganar wasan yara za mu yi, kuma magana ce da ta shafi rai. Duk wadda ke zaune a Gumel, Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar ta san ƙasarmu ta rairayi ce, ba mu da babban kogi irin na Haɗeja. Amma da zarar damina ta kankama, sai ramukan da aka haƙi ƙasar gini da waɗanda masu aikin hanya suka bari su cika fal, su zama kududdufai. Daga nan har kaka hankalin yara maza yana can, ga wanka, ga neman tarwaɗa da gaiwa. Ranar Alhamis ta fi ban tsoro, domin babu makarantar allo, iyaye maza da yawa kuma suna kasuwar Maigatari.

Abu biyu ke jiran yaro a kududdufi. Na farko nutsewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu a ruwa a 2021, yara kuma suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Mai nutsewa ba ya samun damar ihu, shi ya sa na bakin ruwa ba sa ankara. Na biyu tsargiya. Ƙwayoyinta suna rayuwa ne a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwan da ba ya gudu, su fito cikin ruwan, su ratsa fatar duk wanda ya shiga. Bayan wasu makonni sai a fara ganin jini a ƙarshen fitsari.

To, tsawa ba ta raba yaro da ruwa, sai dai ta koya masa fita a ɓoye. Jikinsa ne ke neman motsi, kuma haƙƙinsa ne: hukumar da na ambata ta ce daga shekara 5 zuwa 17 yaro na bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum. Likitocin ido ma sun tabbatar cewa yawan zama a hasken waje yana rage wa yara matsalar kasa ganin abu mai nisa. Tunda wasan nan ba makawa sai an yi shi, gara ke ki zaɓa masa wanda zai yi a gabanki. Ga guda biyu.

Tanis a tsakar gida

Na san za ki ce tanis ai na masu hali ne. Filin manya kam sai da kuɗi, tsawonsa ya kusa mita 24. Amma hukumar tanis ta duniya kanta ba ta ce a fara wa yaro a can ba. Ga 'yan shekara 8 zuwa ƙasa ta tsara ƙaramin fili mai tsawon mita 11, wato kamar taku 15 ko 16 naki, da ƙwallo mai laushi da ba ta da gudu, da gajeruwar raga. Wannan tsakar gida ko ƙofar gida ma ta isa.

Kayan aiki uku ne. Ki sa kafinta ya yanko miki katako marar nauyi a siffar faifai mai mariƙi, ya goge gefen sumul. Ki nemi tsohuwar ƙwallon tanis wadda ta yi sanyi, ko ƙaramar ƙwallon roba. Sai igiya a madadin raga. Ki lura, ƙwallo ba ta tashi a rairayi, sai a daɓe ko siminti. Bangon ƙasa kuma zai zube da yawan duka, na siminti za a nema.

Mataki na farko babu katako. Ki jefa wa yaro ƙwallo ta daki ƙasa sau ɗaya, ya cafe da hannu biyu. In ya cafe 10 a jere, ki riƙa jefa ta dama da hagu don ƙafarsa ta koyi bin ƙwallo. 'Yan matan da suka iya carafke ba sa daɗewa a nan, idonsu da hannunsu sun riga sun saba da juna.

Mataki na biyu, ya riƙe katakon kamar zai yi musabaha da mariƙin. Ya ɗora ƙwallo a kai kamar ya ɗauko ƙwai, ya je bakin zaure ya dawo ba ta faɗi ba. Daga nan ya riƙa buga ta sama a hankali yana ƙirga.

Mataki na uku, bango. Ki ja layi da gawayi daidai ƙugunki, don ragar manya santimita 91 ce a tsakiya. Yaro ya tsaya taku 4 ko 5 daga bangon, ya juya gefe, kafaɗarsa na kallon bango. Ya saki ƙwallo ta daki ƙasa, ya ɗauko katakon daga ƙasa zuwa sama, ya ƙare a kan ɗaya kafaɗar. Abin nema shi ne ƙwallo ta sauka saman layi ta dawo masa, ya sake bugawa. Ki rubuta lambar da ya kai yau a jikin bangon, gobe ya yi ƙoƙarin wuce ta.

Mataki na huɗu, mutum biyu. A ɗaure igiya tsakanin kujeru biyu. Da farko kada a yi gasar cin juna, a ƙirga sau nawa su biyun za su miƙa wa juna ƙwallo ba ta ɓace ba. Haka wa zai koyi sassauta wa ƙanensa hannu, faɗa kuma ya ragu.

Ke ce mai horarwa, don haka ki riƙe waɗannan. Gyara ɗaya tak za ki yi a rana. In kin ce ya kalli ƙwallo, kada ki ƙara da maganar ƙafa da hannu. Minti 15 zuwa 20 sun isa ƙaramin yaro, ki tsayar tun yana marmari. In bahago ne ki bar shi ya buga da hagunsa, maganar cin abinci da dama daban ce. Kuma ki yaba ƙoƙari ko da ƙwallo ta haura gidan maƙwabta.

Kada a bar 'yan mata a baya. Yawancinsu da sun kai shekara 10 sai wasa ya ƙare, sai talla da aikin gida, alhali ƙashinsu yana tsakiyar ginuwa. Wasan bango a cikin gida ake yi, da suturarsu. Ons Jabeur, Musulma 'yar Tunisiya da ta kai wasan ƙarshe a gasar Wimbledon a 2022 da 2023, mahaifiyarta ce ta fara kai ta filin tanis tana shekara 3. A nan gida, Nduka Odizor ya fara ne da tsintar wa masu wasa ƙwallo a Legas, ya kuma kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983. A Kano ma ana yin gasar Dala Hard Court. Ba lallai ɗanki ya kai can ba. Jiki mai ƙwari da barci mai kyau ma riba ce.

Kamun kifi a tudu

Yaron da zuciyarsa ke wurin kifi fa? A Ingila da Amurka akwai wani salon kamu da ba a saƙala tana a ƙugiya. Gashin tsuntsu ake ɗaura mata da zare ta yi kama da ƙwaron da ya faɗo ruwa, kifi ya taso ya hadiye. Gashin zabo, wanda muke sharewa a zubar, yana cikin waɗanda suke amfani da su. Da yake ƙwaron ba shi da nauyi, igiyar ce ke ɗaukarsa, don haka duk gwanintar tana wurin jifa. Abin da ya shafe mu shi ne, masu koyo a kan ciyawa suke farawa, da guntun ulu a madadin ƙugiya.

Ki samo sanda mai ɗan lanƙwasa, kamar mita 2, ki ɗaura mata igiya mai ɗan kauri mita 3 ko 4, a bakinta guntun tsumma ko gashin zabo. Ki ajiye daro a gabansa. Ya ɗaga sandar ya aika igiyar bayansa, ya ɗan dakata ta miƙe, sannan ya turo ta gaba ya tsayar da hannu, tsumman ya sauka cikin daro. Wanda ya yi gaggawa sai igiyar ta yi ƙara kamar bulala ta cukurkuɗe, don haka wasan kansa ke koya haƙuri. In ya gwanance a matsar da daron, ko a sa kwano. Kowa ya tsaya nesa da mai jifa saboda ido.

Ki yi masa alkawari kuma ki cika: wanda ya iya jefawa cikin kwano, babansa ko kawunsa zai kai shi su na gaske. Sharuɗɗan ranar ba sa canjawa. Dole da babba wanda ya iya ruwa, kuma idonsa na kan yaron. A bakin ruwa za a tsaya, ba a shiga. A matse ƙayar ƙugiya da filaya kafin a fita. In ƙugiya ta shige nama kada a fizge, a yanke zaren a tafi asibiti, a kuma duba maganar allurar tetanus.

Kafin a fita wasa

Daga Maris zuwa Mayu zafinmu kan wuce digiri 40, don haka wasa sai da sanyin safiya ko bayan la'asar. A sha ruwa kafin a fara, a sha a tsakiya. Fitsari ya yi ja ko ya ragu alamar ruwa bai isa jiki ba. Mai sikila zai iya wasan bango, amma da hutu akai-akai da ruwa a kusa, kuma ruwan kududdufi mai sanyi na iya tayar masa da ciwo. Mai asma ya huta ranar da ƙurar hunturu ta yi yawa. Takalmi dole ne saboda ƙaya da kunama.

In kuwa kin riga kin ga jini a fitsarin yaronki, kada ki saurari masu cewa alamar girma ce. Ki kai shi a gwada fitsarin. Maganin tsargiya sunansa praziquantel, ma'aikacin lafiya ne ke auna shi daidai jikin yaro, kuma in an zo rabonsa a makaranta ki bari ya sha bayan ya ci abinci. Barinta shekara da shekaru yana lalata mafitsara da ƙoda.

Ki fara da mataki na farko yau da la'asar, ko da lemon tsami ne a madadin ƙwallo, ku yi ta cafe hannu da hannu. Wadda ta gwada ta ba mu labarin lambar da aka rubuta a bangonta. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya tsare mana su. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.