Garanti Ba Alfarma Ba Ne

Ba nahawu ko adabin baka na ɗauko muku a wannan karo ba. Ƙorafi na kawo, kuma rabin ƙorafin a kanmu mu ɗalibai yake.

A farkon zangon karatun da ya wuce, mahaifina ya sayar da buhunan shinkafar da ya noma, ya damƙa mini kuɗin domin in sayi kwamfutar tafi-da-gidanka, tun da yanzu ba malamin da zai karɓi kundin digiri da rubutun hannu. Na shiga kasuwar kayan lantarki a birni, na sayi sabuwa dal a cikin kwalinta. Mai shagon ya buga ƙirji ya ce tana da garanti na shekara guda. Na shafe mako guda ina koya wa allon bugunta inda ƙ da ɗ da ɓ suke (wannan ma wata wahala ce ta daban da ya kamata ƙungiyar nan ta duba). Kwana goma sha tara da saye, ina tsakiyar buga babi na biyu, sai layuka suka tsaga fuskarta, ta yi baƙi ƙirin, ta ƙi tashi.

Da na mayar da ita, sai mai shagon ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Na ce, "Alhaji, ai kai ka ce da garanti." Ya ce, "Samari, wutar NEPA ce ta ƙona maka. Ai ciniki ya faɗa." Sa'an nan ya nuna mini ƙasan rasiɗin, inda aka buga da ƙananan haruffan Turanci wai kayan da aka saya ba a mayar da su. Daga ƙarshe ya yi mini abin da ya kira taimako, watau in kai wa wani yaronsa a saman bene ya buɗe ya gyara, in biya rabin kuɗi.

To, wannan duka bai ɓata mini rai ba kamar abin da na tarar a ɗakin kwananmu. Mutum huɗu, duk 'yan jami'a, har da mai karatun shari'a, bakinsu ya zo ɗaya: ka yi haƙuri, ƙaddara ce. Ashe mutum zai iya yin shekara uku yana nazarin ma'anar kalmomi, amma a faɗa masa kalma ɗaya a kasuwa ya kasa tambayar abin da take nufi? Garanti alkawari ne, kuma kuɗinsa yana cikin farashin da ka biya. Wanda ya sayar maka da sabuwar na'ura a farashin sabuwa, ya riga ya karɓi ladan gyaranta tun ran da ka ƙirga masa kuɗi. Ina ƙaddara a nan? Lalacewar kwamfuta ƙaddara ce, na yarda. Ƙin gyara ta kuwa, aikin mutum ne mai suna da shago.

Wannan rubutun na ƙasan rasiɗi da ke firgita mu, ba shi da ƙarfin da muke ba shi. Akwai dokar tarayya ta gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, kuma ita ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 132 na dokar ya ba mai saye wata uku daga ranar da ya karɓi kaya ya mayar da su idan sun fito da aibi, kuma wajibi ne mai sayarwa ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi, ɗawainiyar kuma a kansa take. Doka ba ta yarda ɗan kasuwa ya soke wannan haƙƙi da ɗan rubutun da ya buga wa kansa ba. Kada ma wani ya ce ai tsarin Bature ne. Malaman fikihunmu na Malikiyya sun daɗe da zaunar da hukuncin mayar da haja saboda aibin da mai saye bai sani ba lokacin ciniki.

Na san abin da 'yan kasuwa za su ce, kuma ba duka ne ƙarya ba. Wutar ƙasar nan tana ƙona kaya. Akwai ɗalibin da zai zubar wa kwamfuta shayi, ya share, ya kawo ta yana rantsuwa. Garantin kamfani ba ya ɗaukar ruwa, ko faɗuwa, ko ƙunar wuta, wannan gaskiya ne. Amma wa zai yanke hukuncin cewa wuta ce? Wanda ko kunna ta bai yi ba? Aikin cibiyar gyara ce da kamfanin ya amince da ita. Shi ya sa taimakon nan na yaron saman bene ya fi komai haɗari: ran da wanda ba shi da izini ya kwance ta ya taɓa cikinta, ka ba su hujjar da za su ce kai ka ɓata. Da yawa daga cikinmu a nan muke yanka wa kanmu wuya, don gudun jira.

Sakacina ni kuma shi ne ban duba lambar siriyal ba kafin in biya. Manyan kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo duk suna da shafi a intanet inda za ka sa wannan lamba ka ga ran da garanti ya fara da ran da zai ƙare. Da na duba tawa, sai na ga wata bakwai sun riga sun tafi. Wani lokaci kamfani yakan fara ƙirge tun daga ran da kaya suka bar hannunsa, kuma da rasiɗi ake gyara kwanan watan. Wani lokaci kuwa an taɓa sayar da ita a wata ƙasa ne, aka goge aka sa a kwali. Rasiɗina ba shi da lambar ma sam, Allah ya taimake ni ban yar da kwalin ba.

Abin da na yi ba wani abin jarunta ba ne. Na rubuta takarda kwafi biyu, na sa kwanan watan saye da lambar na'urar da sashen dokar, na ce idan mako biyu suka wuce zan kai ƙara hukumar. Na tafi da abokin nan mai karatun shari'a, wanda a lokacin ya tuna da abin da ake koya masa. Alhaji ya karanta, ya yi tsaki, ya ce yaran jami'a ba su da kunya. Washegari ya aika da ita Legas.

Mako biyar ta yi kafin ta dawo da sabuwar fuska, babin nan na biyu kuwa sai da na sake buga shi daga littafin rubutuna, domin ban ajiye kwafi a ko'ina ba. Da zan karɓa ya ce in biya kuɗin motar kai ta da dawo da ita. Na buɗe masa kwafina na takardar, na sa yatsa a kan inda aka ce ɗawainiya a kan mai sayarwa take. Ya miƙo mini cajar ba tare da ya dube ni ba.